Ƙaro da Sandunan Selulos: Yadda Siffar Ƙwaya Ke Sa Ruwa Kauri

Gadarif, a gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, ƙasar dawa ce da riɗi, kuma tana cikin yankunan da ake samun ƙaro daga ɗakwara da dushe. Hausawa da dama sun zauna can tun zamanin tafiya Makka ta ƙasa. Duk almajirin da ya taɓa haɗa tawada ya san cewa ana zuba ƙaro da yawa, amma tawadar ba ta daina bin alƙalami. Ko da ƙaro ya kai kusan rabin nauyin haɗin, ruwan yana zuba. Dalili shi ne ƙwayar ƙaro mai rassa ce, a dunƙule take kamar curi, don haka ƙwayoyin suna wuce juna ba tare da sarƙewa ba.

Selulos, wato sinadarin da ke ba karan dawa da auduga ƙarfi, halinsa daban ne. Idan aka jiƙa auduga cikin asid irin na batirin mota, mai ƙarfin kashi 64 cikin ɗari, sassanta masu laushi sukan narke, su bar 'yan sanduna masu tauri, tsawonsu kamar nanomita 100 zuwa 300. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Bengt Rånby, masani ɗan Suwidin, ya bayyana su a 1949.

Asid ɗin yakan bar wa kowace sanda caji iri ɗaya, shi ya sa suke tunkuɗe juna, ba sa kwanciya a ƙasan ruwa. Idan kaɗan ne, kowace tana fuskantar inda ta ga dama. Da sun ƙaru sai wuri ya yi musu kaɗan, su jeru hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan karkace daga na ƙasansa kamar murɗin igiya. Wajen kashi 10 cikin ɗari kuwa, sai haɗin ya kama kamar tuwon da ya huce. Gishiri kaɗan yakan sa ya kama tun kafin nan, domin yana raunana cajin. In aka motsa da ƙarfi, sandunan su bi hanya ɗaya, haɗin ya tsinke. In aka bari, ya sake yin kauri.

A nan ya kamata ɗalibi ya kula da kalmomi. Kauri daban, danƙo daban, yauƙi irin na kuɓewa daban, ko da yake masu fassara sukan cakuɗa su.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, cinikin ƙaro ya shiga matsala, kamfanonin lemon kwalba kuma suka shiga damuwa, domin ƙaro ne ke riƙe ɗigon man ƙanshi cikin lemo ba tare da ya sa shi kauri ba. Sandunan selulos ma suna iya riƙe ɗigon mai, sai dai da sun ɗan yi yawa lemon ya koma kamar kunu.