Tsadar fetur: A fara tambayar abin da motar ke sha

Duk wanda ya shiga tashar mota a Yelwan Yawuri da sassafe, ko ya sauka bakin ruwa inda ake lodin jirage zuwa Wara da tsibiran tafkin Kainji, zai tarar hirar ɗaya ce: nawa lita take yau? Tun ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mun yi kukan farashi har muryarmu ta dushe. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: lita nawa injin da muke zuba wa man yake sha, kuma wa ya bari ya shigo ƙasar nan da irin wannan ƙishi?

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka direban haya yana cin kilomita 200 a rana tsakanin Yelwa da Kontagora ko ta wajen Koko. Idan motarsa na shan lita 10 a kowace kilomita 100, ta abokinsa kuma lita 6, to ratar lita 8 ce kullum. A kan Naira 1,000, Naira 8,000 ke nan, wato Naira 200,000 a kwana 25 na aiki. Ba direban kaɗai ke biyan wannan kuɗi ba. Manomin albasa da mai dillancin busasshen kifi da ɗalibin da zai tafi Birnin Kebbi duk suna biya, a kuɗin mota da kuɗin kaya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa idan farashin mai ya fi ƙarfin gwamnati, yawan man da mota ke sha bai fi ƙarfinta ba. Bayan takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, Majalisar Dokokin Amurka ta kafa doka a 1975 wadda ta tilasta wa kamfanonin ƙera motoci su kai matsakaicin mil 27.5 a kan galan guda zuwa 1985, wato kusan kilomita 12 a kan lita, kimanin ninki biyu na abin da motocinsu ke yi a lokacin. Dokar ba ta hana kowa sayen babbar mota ba. Abin da ta auna shi ne matsakaicin dukkan motocin da kamfani ya sayar a shekara, wanda ya gaza kuma ya biya tara.

Mu ma muna da irin wannan alkawari a rubuce. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka amince da shirin rage matsakaicin man da motocin yankin ke sha daga kimanin lita 8 a kilomita 100 zuwa lita 5 a 2025, sannan lita 4.2 a 2030, tare da ƙayyade shekarun motocin da za a riƙa shigowa da su. Sai dai mai sayen mota a Yawuri ko Birnin Kebbi har yau ba ya ganin wata takarda a jikin gilashi da ke gaya masa abin da motar ke sha. Abin da dillali ya faɗa shi ne hujja.

Matsalarmu ta bambanta da ta Amurka. Can masana'anta ake ɗora wa doka, mu kuwa yawancin motocinmu 'yan Beljiyam ne, waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Saboda haka dokar da ta tsaya kan sababbin motoci kawai za ta taɓa ayarin manyan jami'ai da kamfanoni, ta bar tashar Yelwa yadda take. Wurin da ya kamata mu kafa ma'auni shi ne tashar jiragen ruwa, inda kwastan ke karɓar haraji.

Akwai masu cewa tsaurara doka zai sa mota ta gagari talaka, kuma maganarsu na kan hanya. Idan aka ce sai motar da ba ta wuce shekara biyar ba, direbobi kaɗan ne a Shanga ko Ngaski za su iya saye, sai fasa-ƙwauri ya ƙaru. Shi ya sa nake ganin ya fi dacewa a bi ta haraji. Motar da ke shan mai kaɗan a sassauta mata kuɗin fito, mai zuƙa da yawa a ƙara mata, ko da sabuwa ce fil. A kuma wajabta liƙa takardar shan mai a jikin kowace mota da aka kasa don sayarwa, da harsunan da mai saye ke karantawa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma zalunci ne a sayar masa da ita da sunan ƙwarya.

Kuma kada a manta da ruwa. A ƙasar Yawuri, injin jirgi da babur da injin ban-ruwan fadama suna cikin manyan masu shan fetur, kuma tsofaffin injinan jirgi da ake gauraya musu fetur da baƙin mai suna zubar da wani kaso na man ba tare da ya ƙone ba. Duk lokacin da kuɗin mai ya cinye riba, abin da ke biyo baya shi ne ƙarin lodi. Mutanen Wara ba su manta da hatsarin 26 ga Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa, kuma lodi fiye da ƙima na cikin dalilan da hukumomi suka ambata. Hakan ya faru tun mai na da araha, balle yanzu.

Kafa ma'auni aikin Gwamnatin Tarayya ne, ta hannun Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki da Hukumar Kwastan, kuma wakilanmu a Majalisar Tarayya na da ikon tambayar inda alkawarin Wagadugu ya kwana. Gwamnatin Kebbi ma tana iya farawa daga gida, ta sanya shan mai cikin sharuɗɗan duk motar da za ta saya da kuɗin jama'a, ta kuma taimaka wa ƙungiyoyin masu jirage su sauya tsofaffin injina ta hanyar rance mai sauƙi. Mu kuma masu saye, kafin mu tambayi launi da ƙarfin na'urar sanyi, mu fara da tambayar lita nawa take sha daga nan zuwa Kontagora.