Rigimar giya a gareji: abin da waya za ta iya faɗa kafin a kwance mota

Mota mai giya atomatik ta fara fizga idan za ta canza giya, ko kuma ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi ƙara gudu. Mai ita ya kai ta gareji, bakanike ya zaga da ita sau ɗaya, ya dawo ya ce giyar ta mutu, sai an sayo wata ta Beljiyam. A tara kuɗi, a je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a ɗora. Bayan mako biyu matsalar ta dawo. Daga nan sai cacar baki. Bakanike ya ce mai kaya ne ya ba da ruɓaɓɓiya, mai kaya ya ce wajen ɗorawa aka ɓata ta, shi kuwa mai mota ba shi da wata hujja sai rantsuwa.

Alhali motar da kanta tana ajiye bayanin ciwonta. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin OBD-II, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Galibin motocin hannu da ke yawo a titunan Najeriya daga waɗannan wurare suka fito, don haka suna da soket mai ramuka 16, yawanci a ƙasan sitiyari. Ana cusa masa wata 'yar na'ura mai suna ELM327, wadda ba ta kai girman cajar waya ba, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Sai manhaja irin Torque ko Car Scanner ta nuna lambobin da kwamfutar motar ta rubuta.

Lambobin da suka fara da P07 su ne na ɓangaren giya. P0700 sanarwa ce kawai cewa kwamfutar giya ta ga matsala. P0715 da P0720 suna nuni ga na'urorin auna gudun juyawa, na shiga da na fita, ko wayoyinsu. P0750 na magana ne kan ɗaya daga cikin 'yan bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa mai hanya lokacin canjin giya. Duk waɗannan ƙananan kaya ne idan aka kwatanta da giya sukutum, kuma ɗayansu kaɗai kan iya sa mota ta kulle kanta a giya ɗaya don kare kanta daga lalacewa. P0730 kuwa ta fi tayar da hankali, domin tana nufin giyar na zamewa, kuma sau da yawa ciwon a ciki yake.

A nan ne wasu matasa ke zarce gona da iri. Lamba ba ta cewa ga abin da za a canza, wurin da za a duba take nunawa. Waya guda da ɓera ya tatsa za ta iya fitar da lamba ɗaya da na'urar da ta mutu. Sannan na'urorin masu araha da suka cika kasuwa galibi jabu ne, da yawansu kwamfutar inji kaɗai suke karantawa, su nuna P0700 su tsaya nan. Wanda ya shiga gareji yana ɗaga waya yana koya wa mai shekara ashirin a sana'a aikinsa, rigima ya sayo tun kafin a buɗe bonet.

Amfanin wayar na gaske shi ne ajiye shaida. Mai mota ya ɗauki hoton lambobin kafin kowa ya taɓa motar, da hoton kilomitocin da ta ci, da ɗan bidiyon yadda take fizgar. Wannan na da muhimmanci saboda goge lamba aikin daƙiƙa kaɗan ne: fitilar gargaɗi ta mutu, a ce an gyara, bayan kwana uku ta sake kamawa. Abin da aka yi yarjejeniya a kai, wato aikin da za a yi, kuɗinsa, da kwanakin garanti, ya shiga WhatsApp ko da saƙon murya ne. Idan za a canza giyar, a ɗauki hoton lambar jikin tsohuwar da ta sabuwar, kuma tsohuwar ta koma hannun mai ita.

Sai batun mai, wanda ke kashe giya a ɓoye. Toyota na da WS da T-IV, Honda na da DW-1, Nissan masu giyar CVT kuwa NS-2 ko NS-3 suke sha, kuma zuba musu man atomatik na gama-gari na iya lalata su. Hoton galan ɗin da aka zuba, da littafin motar da ake samu a intanet, sun isa su raba gardama mai tsawo.

Ba kullum laifin na bakanike ba ne. Akwai mai motar da ya shafe watanni yana tuƙi da fitila a kunne, akwai wanda ya nace sai an sayo mafi araha duk da an gargaɗe shi. Shaidar da ke cikin waya tana kare bakanike mai gaskiya kamar yadda take kare mai mota.

Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, yawancin manyan garejoji suna da shugabanni, da yawa a ƙarƙashin ƙungiyar kanikawa ta NATA, kuma nan ne aka fi sasantawa cikin sauri. Gaba da su akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, inda ake iya haɗawa da rasit, hotuna da saƙonnin da aka yi musaya.