Jiki Magayi: Yadda Shekaru Ke Sauya Juriyar Mutum Ga Sanyi Da Zafi

A kusan kowace ma'aikata da ke Abuja akwai wata 'yar taƙaddama da ba ta shiga takardun taro, wato ta na'urar sanyaya ɗaki. Matashin ma'aikacin da ya shigo daga rana yana so a ƙure ta, darakta kuwa da ya doshi shekara 60 yana neman a rage ta, ko ya sa masinja ya kashe ta baki ɗaya. Akan ɗauki hakan a matsayin hali ko nuna isa. Amma a ilimin likitanci, jikin mutanen biyu ne ba ya karɓar yanayi iri ɗaya, kuma wannan bambanci yakan kai ga rai.

Zafin jikin mai lafiya yana tsayawa ne kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke gadin wannan adadi. In zafi ya yi yawa, sai ya buɗe jijiyoyin jini na fata, ya saki gumi. In sanyi ne, sai ya tsuke su, ya sa tsoka karkarwa domin ta samar da ɗumi. Hausawa na cewa jiki magayi. Matsalar ita ce, yayin da shekaru ke ja, muryar magayin tana dusashewa, aikinsa kuma yana yin nawa.

Dalilin da dattijo ke riga kowa jin ɗari

Tsoka ita ce murhun jiki, kuma tun daga shekara 30 take fara raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, raguwar da ke ƙara sauri bayan 60. Kitsen da ke ƙarƙashin fata, wanda yake tamkar bargo, shi ma yana sirancewa. Jijiyoyin fata ba sa tsukewa da hanzari kamar da, don haka ɗumi yana zurarewa. Wannan ne ya sa tsoho ke neman hantsi da rigar sanyi tun hunturu bai kankama ba.

Sanyi kuma yana ɗaga hawan jini, ya ƙara wa zuciya nauyi, shi ya sa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fi yawa a lokacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin ɗaki ya yi ƙasa da digiri 18, alhali a daren hunturu a Jos ko Kano yanayi yakan sauka ƙasa da haka sosai. In zafin jiki ya faɗi ƙasa da 35, an shiga hatsari, kuma dattijo yana iya kai wa nan ba tare da karkarwar da za ta ankarar da iyalinsa ba. Sai dai a ga magagi da sarƙewar harshe.

Zafin da ba a ji shi ke kisa

Ta ɓangaren zafi lamarin ya fi ruɗarwa, domin tsoho yakan ce shi bai ji komai ba. Guminsa yana jinkirin fitowa, kuma ba ya yawa. Zuciyarsa ba ta iya tura isasshen jini zuwa fata. Ƙishirwa ba ta kama shi da wuri ko da ruwan jikinsa ya ragu, ƙodarsa kuma ba ta tattalin ruwa kamar ta matashi. A kan wannan kuma sai a ɗora cututtukan da suka zama ruwan dare tsakanin manyan ma'aikata. Ciwon suga yana lalata jijiyoyin da ke sarrafa gumi, wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, wasu kuma suna rage gudun zuciya.

Duniya ta ga sakamakon haka. A watan Agustan 2003, tsananin zafi ya hallaka kusan mutum 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya samu mace-mace 102 cikin kwana huɗu, kusan rabinsu waɗanda suka haura 60. A aikin Hajjin shekarar, Saudiyya ta sanar da rasuwar mahajjata 1,301, yawancinsu bayan doguwar tafiya a rana, cikinsu har da dattawa da masu jinya. Abuja ba Makka ba ce, amma duk wanda ya san Maris a wannan birni, ga shi babu wuta, ya san gargaɗin zafi da hukumar NiMet ke fitarwa ba wasa ba ne.

Mata suna da nasu babin. Tsakanin shekara 45 da 55, lokacin ɗaukewar al'ada, zafi yakan taso wa mace farat ɗaya da gumi ko a ɗaki mai sanyi. Jarirai kuma suna saurin ɗaukar zafi da saurin rasa shi, ga shi ba su da bakin faɗa.

Abin da ya rataya a wuyan mataimaka da 'ya'ya

Tunda jin jiki ba abin dogaro ba ne bayan shekaru sun ja, sai a koma ga agogo da ma'auni. Mai tsara wa Oga jadawali ya kauce wa sanya duba aiki ko taron fili tsakanin sha biyun rana da La'asar a bazara. A ajiye ruwa a gabansa a kan kari, ba sai ya nema ba. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya tambayi likita adadin da ya dace da shi, kuma kada kowa ya daina magani da ra'ayin kansa. Duk inda za a tara 'yan fansho domin tantancewa, rumfa da kujeru da ruwa haƙƙi ne.

In dattijo ya fara sambatu ko ya yanke jiki a cikin zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. A hunturu kuma a ja kunnen iyayen da ke gida kan kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Bargo da hula da safa sun fi aminci. Jin ɗari da ya zo wa mutum ba zato, ko a lokacin zafi, yana iya zama alamar ƙarancin jini, don haka gwaji yake so.

Mai iyaye a Gumel ko Pankshin, in ya kira su a tsakiyar bazara, kada ya tsaya kan "Baba, yaya zafi?", domin amsar kullum ita ce "Alhamdu lillahi". Ya tambaya kofi nawa na ruwa aka sha tun safe, da kuma wa ke kusa.