Hawainiya Ma Sai Ta Yarda

Wanda ya san Federal Low-Cost a Gwambe ya san da damina akan ga hawainiya a bisa darbejiya ko shingen gida, yara kuwa ba abin da suke yi mata sai jifa. Mu da ke zaune a Ikko da Badun mun fi ganinta busasshiya wajen masu sayar da magani. To, a Turai da Amurka kiwonta ake yi a keji.

Wahalar kiwon tana wajen barbara. Hawainiya ba ta son zaman tarayya, saboda haka mace da namiji kowa da kejinsa. In lokaci ya yi, ita ake kai wa namijin, a tsaya ana kallo. Idan ta zauna lumui da korenta, ta yarda ke nan. Idan kuwa ta yi baƙi, ta wage baki tana huci tana rangaji, maza a ɗauke ta, sai bayan 'yan kwanaki a sake gwadawa. Wanda ya matsa mata, ya ja mata cizo da rama, watakila ma mutuwa. Bayan barbara sai a ajiye mata ƙasa mai danshi da zurfi, domin rami take haƙawa ta binne ƙwanta, ƙyanƙyasa kuwa sai an yi watanni.

Tun 1977 yarjejeniyar CITES ta sa ba a ƙetare iyaka da ita sai da takarda. Mai zuwa ganin gida bana ya gaya wa yara ba ta da dafi, fara da ƙudaje take ci.