GRRR Live!: Abin da ya sa Rolling Stones ta mayar da wasan shekarar 2012 sabon faifai

A ranar 10 ga Fabrairun 2023 ƙungiyar mawaƙan nan ta Birtaniya, The Rolling Stones, ta fitar da kundin waƙoƙi mai suna GRRR Live!, wanda ya tattara fitattun waƙoƙinta fiye da 20 kamar yadda ta rera su a gaban jama'a. Babu waƙar da aka rubuta domin wannan kundi, kuma wasan da aka naɗa ya haura shekara goma kafin a kai shi kasuwa. An yi shi ne a ranar 15 ga Disambar 2012 a zauren Prudential Center da ke birnin Newark na jihar New Jersey a Amurka, cikin jerin wasannin bikin cikar ƙungiyar shekara 50 da kafuwa.

Ƙungiyar ta fara wasa ne a Landan cikin Yulin 1962, a gidan rawa na Marquee, kuma ta aro sunanta daga wata waƙa ta Muddy Waters, mawaƙin blues baƙar fata na Amurka. A daren Newark, jagoranta Mick Jagger yana da shekara 69, makaɗin jita Keith Richards saura kwana uku ya cika 69, makaɗin ganga Charlie Watts kuwa yana da 71. Tun 2007 rabonsu da zagayen wasanni, kuma littafin tarihin rayuwar da Richards ya wallafa a 2010 ya ɓata tsakaninsa da Jagger saboda kalaman da ya yi a kansa. Wasannin ƙarshen 2012 ba su da yawa: biyu a Landan, ɗaya a Brooklyn, biyu a Newark. An haska na ƙarshen kai-tsaye a talabijin ga waɗanda suka biya kuɗin kallo, daga nan aka adana shi.

Manyan baƙi sun hau dandamali a wannan dare. Lady Gaga ta rera "Gimme Shelter" tare da Jagger, Bruce Springsteen ya shiga "Tumbling Dice", sannan akwai John Mayer da Gary Clark Jr. da ƙungiyar The Black Keys. Baƙon da ya fi jan hankalin tsofaffin masoya shi ne Mick Taylor, wanda ya kaɗa wa ƙungiyar jita daga 1969 zuwa 1974, shekarun da masu sharhi da dama ke ɗauka a matsayin ganiyarta.

Dalilin farko na fitar da irin wannan kundi ya shafi haƙƙin mallaka, kuma tsohon miki ne ga ƙungiyar. A 1965 ɗan kasuwar nan na Amurka, Allen Klein, ya karɓi ragamar harkokin kuɗinta. Da suka raba gari a farkon shekarun 1970, kamfaninsa na ABKCO ya riƙe haƙƙin waƙoƙin da ƙungiyar ta yi a shekarun 1960, ciki har da "Satisfaction" da "Paint It Black" da "Jumpin' Jack Flash". Wato waƙoƙin da suka ɗaukaka sunan ƙungiyar a duniya ba a hannunta suke ba. Sai a 2002 aka sami kundin farko, Forty Licks, da ya haɗa waƙoƙin zamanin Klein da na bayansa wuri guda, bisa yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu.

A dokar haƙƙin mallaka, waƙa ɗaya tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin baituka da karin waƙar, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa. Idan mawaƙi ya sake rera tsohuwar waƙarsa aka naɗa, an samar da sabon sauti ke nan mai haƙƙinsa daban, ko da yake mai haƙƙin baituka da kari zai ci gaba da karɓar kasonsa. Saboda haka duk lokacin da Rolling Stones ta naɗi "Satisfaction" a kan dandamali, tana samun wani naɗi na waƙar da ba ya cikin tsohuwar taskar ABKCO. Ba wannan kaɗai ne ya sa ƙungiyar ta tara kundayen wasan dandamali masu yawa ba, amma mai nazarin harkar ba zai kau da kai daga gare shi ba.

Dalili na biyu shi ne yadda kasuwar waƙa ta juya. A da, mawaƙa kan yi zagayen wasanni ne don tallata faifai. Tun da sauraro ta intanet ya karya cinikin faifai, tikitin shiga wasa ya zama babbar hanyar samun kuɗi ga tsofaffin ƙungiyoyi. Zagayen A Bigger Bang da Rolling Stones ta yi daga 2005 zuwa 2007 ya tara fiye da dala miliyan 550. Kundi irin GRRR Live! ba ya cin kuɗi mai yawa, tun da an riga an naɗi sauti da hoto, abin da ya rage shi ne tacewa da sake daidaita sauti. An fitar da shi a faifan garmaho da CD da DVD da Blu-ray, wato kayan da masoya masu manyan shekaru, waɗanda har yanzu suke son abin da za su riƙe a hannu, ke saye.

Akwai tambayar da ke bin kowane kundin wasan dandamali: shin abin da ake ji shi ne ainihin abin da ya faru? Tarihin ƙungiyar kansa ya nuna cewa tambayar tana da tushe. Kundinta na 1970, Get Yer Ya-Ya's Out!, wanda aka naɗi mafi yawansa a Madison Square Garden da ke New York cikin Nuwamban 1969, ana lissafa shi cikin mafi kyawun irinsa, amma an sake rera wasu muryoyinsa a sutudiyo bayan wasan. Abin lura kuma, cikin abubuwan da suka ingiza fitar da shi har da wani faifan sata na wannan zagayen da ya riga shi shiga kasuwa. GRRR Live! yana da wata kariya da na 1970 bai samu ba: jama'a sun kalli wasan kai-tsaye a 2012, don haka duk wani gyara mai yawa zai fito fili ga wanda ya kwatanta.

Ba kowane sashe na kundin ne ya kai wannan matsayi ba. Yawan baƙi yakan katse zaren wasa, kuma wanda ya riga ya mallaki kundayen ƙungiyar na baya zai tarar da waƙoƙin rufewa kusan iri ɗaya ne. Akwai kuma "Brown Sugar", wadda ƙungiyar ta daina rerawa a zagayenta na 2021 bayan sukar da aka daɗe ana yi wa baitukanta kan bauta da mata baƙaƙen fata. Ta janye ta daga dandamali, amma ta bar ta a kundin da ta sayar a 2023.

Abin da ya fi ba kundin nauyi ya faru ne tsakanin naɗa shi da fitar da shi. Charlie Watts ya rasu a Landan ranar 24 ga Agustan 2021 yana da shekara 80, bayan ya kaɗa wa ƙungiyar ganga tun 1963. Mutum ne da zuciyarsa ke wajen kiɗan jazz, ba ya son nuna bajinta, kuma yana da wata ɗabi'a ta ɗage sandarsa daga ƙaramin faranti a daidai lokacin da yake dukan ƙaramar ganga, abin da ke barin wani ɗan gibi a cikin kiɗan da masu sauraro ke gane ƙungiyar da shi. A bidiyon Newark ana ganin wannan salo ƙarara.

Steve Jordan ne ya gaji kujerarsa. A Oktoban 2023, wata takwas bayan GRRR Live!, ƙungiyar ta fitar da Hackney Diamonds, kundinta na farko na sababbin waƙoƙi tun 2005, kuma a waƙoƙi biyu kawai daga cikinsa ake jin gangar Watts, waɗanda aka naɗa kafin rasuwarsa.