Yadda ƴan sa-kai ke naɗar tsoffin wasannin kwaikwayo ba tare da sun taɓa haɗuwa ba

Wasan kwaikwayo aiki ne na taro, amma shekaru kusan 20 ke nan wasu mutane suna haɗa shi daga ƙasashe daban-daban, kowa yana zaune a ɗakinsa. Wani ya ɗauki muryar tsoho, wata ta ɗauki ta budurwa, wani na can wata nahiya ya zama bara, daga baya a harhaɗa muryoyin su zama wasa guda da kowa zai saurara kyauta. Wurin da ya fi shahara da wannan aiki shi ne LibriVox, kuma tsarinsa na da darasi ga al'ummar da iyakoki suka rarraba, irin Hausawan Kamaru da Chadi da Ghana da Sudan.

Mene ne LibriVox?

Wani ɗan Kanada mai suna Hugh McGuire ne ya kafa shi a birnin Montreal cikin watan Agustan 2005. Manufarsa ita ce a mayar da littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare zuwa sauti. Littafin farko da aka fara da shi shi ne The Secret Agent na Joseph Conrad, kuma a shekarar 2016 adadin abin da aka naɗa ya kai 10,000. Mafi yawa da Ingilishi ne, sai Jamusanci da Faransanci da wasu harsuna. Ana ajiye sautukan a rumbun Internet Archive da ke Amurka.

Ba a biyan kowa ko sisi, ba a kuma yi wa mai karatu jarrabawar murya ko ta lafazi. Abin da ake nema daga sabon shiga shi ne ya aiko da gwaji na kimanin minti ɗaya, don a tabbatar na'urarsa tana ɗaukar sauti yadda ya kamata. Duk abin da mutum ya naɗa ya sadaukar da shi ga jama'a ke nan: gidan rediyo na iya watsawa, malami na iya kunna wa ɗalibai, ba tare da neman izini ba.

Yadda ake raba aikin

Littafin labari mutum ɗaya na iya karanta shi daga farko har ƙarshe. Wasan kwaikwayo kuwa sai an raba. A ɗauki misalin L'Avare, wato Marowaci, na Molière, wanda ɗaliban makarantun sakandare a ƙasashen renon Faransa suka sani sarai. An fara nuna shi a Paris a 1668, kashi biyar gare shi, kuma mutanen cikinsa sun haura goma.

Mataki na farko shi ne wani ya ɗauki nauyin jagorancin aikin. Shi zai zaɓi rubutu guda da kowa zai bi, galibi daga ɗakin karatun intanet na Project Gutenberg, domin idan aka bar kowa da bugun da ke hannunsa, za a tarar wani ya amsa maganar da babu ita a littafin abokin wasansa. Daga nan sai ya jera sunayen mutanen wasan da yawan maganar kowane. Harpagon, tsohon marowacin da ya binne akwatin zinarensa a lambu, shi ne ke da kaya mafi nauyi. Sai ƴaƴansa Cléante da Élise, da Valère, da Mariane, da Frosine mai dalilin aure, da Maître Jacques wanda shi ne kuku shi ne kuma mai tuƙa keken doki. Akwai ƙananan barori irin su Brindavoine da La Merluche masu ƴan kalmomi kaɗan, waɗanda suka dace da wanda ke koyon aikin. Dame Claude kuwa ba a nema mata murya, don ba ta cewa uffan a duk wasan.

Akwai kuma wani aiki da babu shi a dandamali: mai ba da bayani. Tun da mai sauraro ba ya ganin komai, dole wani ya karanta inda marubucin ya ce wane ya shigo, wane ya fita, ko wane ya juya yana magana shi kaɗai.

Kowane ɗan sa-kai sai ya zaɓi wanda zai yi, a ba shi wa'adi. Idan wa'adin ya wuce bai aiko ba, kuma ba a ji ɗuriyarsa ba, sai a mayar da rawar kasuwa wani ya ɗauka. Wannan ne ya sa wasa ɗaya kan ɗauki watanni kafin a kammala.

Magana da wanda ba ya nan

Babban abin da ya bambanta wannan aiki da wasan rediyo da aka saba shi ne, ɗan wasan ba ya jin abokin maganarsa. Yana karanta maganganunsa ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, yana barin ɗan shiru tsakanin kowace, sannan ya aika da su. Wanda ke yin Valère na iya gama nasa wata biyu kafin a samu mai yin Harpagon.

A nan ne ake gane wanda ya karanta wasan duka da wanda ya duba layinsa kawai. A kashi na biyar na L'Avare, Harpagon na tuhumar Valère da satar akwatinsa, shi kuma Valère ya ɗauka asirin soyayyarsa da Élise ne ya tonu. Kowa na amsa ɗan'uwansa, amma ɗaya kuɗi yake nufi, ɗaya budurwa. Idan mai yin Valère bai fahimci haka ba, zai karanta da muryar ɓarawon da aka kama, alhali muryar masoyi mai neman afuwa ake so, kuma nan take abin dariyar ya mutu. Shi ya sa gogaggu ke karanta maganar abokin wasa a zuci kafin su furta tasu, wasu ma su naɗi magana ɗaya sau biyu ko uku da salo daban-daban, su bar wa mai haɗawa ya zaɓa.

Mai haɗa sautin shi ne ba a jin muryarsa, amma shi ne ke riƙe da wasan. Yakan yi amfani da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, ya yanka maganganu ɗaruruwa ya jera su daidai da rubutu. Tsawon shirun da ya bari tsakanin magana da magana shi ne ke nuna faɗa ake yi ko hira. A wurin da Harpagon ke caje La Flèche yana neman abin da ya sata, dole amsoshin su riƙa bin juna da sauri. Ƙarin rabin daƙiƙa a kowace gaɓa ya isa ya mayar da cacar baki tamkar karatun aji.

Kafin a haɗa, akwai mai sauraren tantancewa, wanda ke bin kowane sauti da littafi a hannu. Shi ke gano inda aka tsallake layi, ko aka maimaita kalma, ko tari ya shiga. Bayan an haɗa ma sai an sake saurara.

Ka'idojin sauti

Saboda kowa da irin na'urarsa da irin ɗakinsa, LibriVox ta tsayar da ma'auni guda: sauti mai layi ɗaya, a kan 44.1 kHz, a fitar da shi a matsayin MP3 mai 128 kbps, ƙarfin murya kuma kusa da 89 dB. Amfanin wannan a bayyane yake. Idan uba na magana da ƙarfi kamar yana kunnenka, ɗansa kuma kamar daga ƙasan rijiya, mai sauraro zai gaji da murɗa rediyo.

Abin da manhaja ba ta iya gyarawa sosai shi ne amon ɗaki. Ɗaki mai siminti da babu kaya yana mayar da murya, shi ya sa ɗaki mai katifa da labule da tulin tufafi ya fi falo mai faɗi. Ƙarar janareta, fanka, ko ruwan sama a kan kwano duk suna shiga. Wayar hannu mai kyau na iya aikin, muddin an riƙe ta a nesa ɗaya da baki tun daga farko har ƙarshe.

Me ya sa tsoffin wasanni kawai?

Dalilin doka ne. LibriVox na bin dokar Amurka, inda tsoffin littattafai ke zama na kowa shekara 95 bayan buga su. Molière ya rasu a 1673, Shakespeare a 1616, don haka rubutunsu na asali ba shi da mai shi. Amma fassara tana da nata haƙƙin daban. Idan wani ya fassara Molière a shekarun baya-bayan nan, fassarar tasa ce, ko da asalin ya shekara 350.

Wannan batu ya shafi Hausa kai tsaye. Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa bai tsufa haka ba. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, duk na tsakiyar ƙarni na 20 ne. Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare, ya fito a 1971. A Najeriya haƙƙin marubuci na ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa, a ƙasashen yankin kuma tsakanin 50 ne da 70, gwargwadon dokar kowace ƙasa. Ma'ana, duk wanda ya naɗi irin waɗannan wasanni ya watsa ba da izinin mawallafi ko magada ba, ya taka doka, ko da bai karɓi ko dala ba.

Abin da Hausawan ƙetare za su iya ɗauka

Sauraron wasa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A Nijar an daɗe ana jin ƙungiyar Yazi Dogo, a Najeriya kuma gidajen rediyon Kaduna da Kano sun raini mutane da wasanni. Sai dai duk waɗannan na buƙatar ƴan wasa su taru a ɗaki ɗaya, abin da ke da wuya ga wanda ke unguwar Briqueterie a Yaoundé, ko Nima a Accra, ko Maiurno a Sudan, inda masu sha'awar ba su da yawa a wuri guda. Tsarin da kowa ke naɗa a gidansa ya kawar da wannan matsala, haɗe da ta kuɗin mota da ta tsallaka iyaka.

Hanyoyi biyu ne a buɗe. Ta farko, a nemi izini a rubuce daga masu haƙƙin wasan Hausa. Ta biyu, wanda ya iya Faransanci da Hausa, kuma irinsu na da yawa a Nijar da Chadi da Kamaru, ya fassara tsohon wasa da kansa daga asalin rubutun, ya yarda a yi amfani da shi kyauta. Labarin uban da ke son aurar da ƴarsa ga attajirin dattijo don kawai ya yarda ya ɗauke ta ba tare da an haɗa ta da dukiya ba, ba ya buƙatar dogon bayani ga mai sauraron Hausa.

Za a gamu da bambancin karin harshe, domin Hausar Damagaram da ta Garoua da ta zangon Kumasi ba ɗaya ba ce. Idan ɗa da uba a cikin wasa suka yi magana da kari biyu masu nisa, kunne zai lura. Mai jagorancin aikin na iya rage wannan tun wurin rabon rawa, ya ba ƴan gida ɗaya masu kari kusa da juna, baƙi da barori kuma su fito daga ko'ina, kamar yadda yake a kowane babban gida.

Ga masu son gwadawa, ya fi sauƙi a fara da fitowa ɗaya mai mutum biyu ko uku, ta minti biyar, a tsayar da rubutu guda, a sami mai tantancewa da mai haɗawa tun kafin kowa ya buɗe baki. Idan wannan ta yi kyau, sai a tunkari kashi guda.