Rediyon Tarayyar Nijeriya: Tarihinsa da Shirye-shiryensa

Rediyon Tarayyar Nijeriya, wanda ake taƙaita sunansa da FRCN, shi ne gidan rediyon gwamnatin tarayya. Hedikwatarsa tana Abuja, kuma yana da manyan tashoshi a Kaduna da Ibadan da Inugu da Legas, baya ga tashoshin FM da ke warwatse a jihohi. An kafa shi a 1978, amma saiwarsa ta girmi wannan shekara da fiye da shekara arba'in.

A 1932 ne BBC ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka. Ba da jimawa ba gwamnatin mulkin mallaka ta shirya hanyar karɓo su a Legas. Akan kama muryar Landan a wata cibiya, sannan a tura ta cikin waya zuwa akwatunan da aka kafe a gidajen waɗanda suka biya kuɗin haya. Akwatin ba ya canza tasha. Mai shi zai iya ƙara murya ko ya rage ne kawai. Daga Legas tsarin ya isa Ibadan a 1939, ya isa Kano a 1944.

A 1951 aka kafa NBS a matsayin sashen watsa shirye-shiryen rediyo na gwamnati, aka ɗauko T. W. Chalmers daga BBC ya shugabance shi. 'Yan siyasar lokacin sun riƙa kallon sashen a matsayin kakakin Gwamna, saboda haka a ranar 1 ga Afrilu 1957 aka mayar da shi hukuma mai cin gashin kanta, wato NBC. A farkon shekarun 1960 hukumar ta buɗe Muryar Nijeriya don masu sauraro na ƙetare, kuma marubuci Chinua Achebe ne ya fara riƙe wannan sashe.

Sai dai NBC ba ita kaɗai ke da fili ba, domin tsarin mulki ya ba yankuna damar kafa nasu gidajen. Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Gabas ta biyo baya a 1960. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Shi ne jama'a suka sani da Rediyo Kaduna. Tun ranar farko manufarsa a bayyane take: Arewa ta yi magana da bakinta, cikin harsunan mutanenta.

Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta haɗe rassan biyu, na tarayya da na Arewa. A 1977 an tattara gidajen talabijin ƙarƙashin hukuma ɗaya, NTA, sannan doka ta 8 ta 1979, wadda aka mayar da fara aikinta zuwa 1 ga Afrilu 1978, ta haɗa NBC da BCNN suka zama FRCN. George Bako ne babban darakta na farko. An miƙa wa gwamnatocin jihohi ƙananan tashoshin NBC, manyan kuma suka zauna a hannun tarayya. A 1990 aka cire Muryar Nijeriya ta zama hukuma daban.

Shirye-shiryen gidan kashi biyu ne, kuma rabuwar tana bin wannan tarihi. Kashi na farko shi ne na haɗaka, inda dukkan tashoshi ke jona wa hedikwata. Labaran ƙarfe bakwai na safe da na ƙarfe huɗu na yamma, waɗanda ake karantawa da Turanci, su ne ƙashin bayansa, tare da jawaban shugaban ƙasa da sharhin ƙwallon ƙafa. Wannan ƙarfi na isa ko'ina a lokaci guda shi ya sa masu juyin mulki suke fara neman gidan rediyo. Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa daga Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966, Laftanar Kanar Dimka ya yi nasa daga Ikoyi ranar 13 ga Fabrairu 1976, haka ma Manjo Orkar a Afrilun 1990.

Kashi na biyu shi ne abin da kowace tasha ke shiryawa da harsunan yankinta, kuma a nan ne gidan ya fi shiga ran jama'a. Kaduna tana watsawa da Hausa da Fulfulde da Kanuri da Nufanci da Turanci. Na'urorinta na Jaji, musamman a gajeren zango mita 49, sun kai muryarta har Nijar da Kamaru da Cadi da Gana. Manomin da bai taɓa riƙe jarida ba ya san abin da ake ciki ta hanyar shirye-shiryen Barka da Yau da Jakar Magori. A shirin Hannu da Yawa ana zaunar da gwamna ko minista ya amsa tambayoyin talakawa da Hausa, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da harkar mulki ke gudana da Turanci. Shirin Zaɓi Sonka ya haifar da ƙungiyoyin masu gaishe-gaishe, mutanen da suka san sunayen juna shekara da shekaru kafin su haɗu ido da ido.

Wasan kwaikwayo ma ya samu gida a nan. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya yi suna da Samanja Mazan Fama, wasan da ya nuna zaman bariki da Hausar sojoji. A watan azumi kuwa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello da na Sheikh Dahiru Usman Bauchi sun mayar da akwatin rediyo makaranta. Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos sun bazu ta wannan kafa, kuma faya-fayan da gidan ya ɗauka dukiya ce da ta cancanci a adana ta da kyau kafin ta lalace.

Babban ƙorafin da ake yi wa gidan tsoho ne: wanda ke biyan albashi shi ke naɗa shugabanni, don haka labaran haɗaka sukan karkata ga gwamnatin da ke ci. Wannan ne ya sa masu sauraron Hausa da yawa suka riƙa haɗawa da BBC da Muryar Amurka da rediyon Jamus don su auna labari.

A 1992 doka ta 38 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003. Don ya riƙe masu sauraronsa, FRCN ya shiga kafa tashoshin FM a jihohi tun farkon shekarun 2000. Cikinsu akwai Pyramid a Kano, Companion a Katsina, Globe a Bauchi, Highland a Jos da Peace a Maiduguri, ga kuma Supreme da Karama a Kaduna. Kowacce tana shirya nata shirye-shiryen da harsunan jiharta, ta jona wa Abuja idan lokacin labarai ya yi, kuma ana iya sauraron da dama daga cikinsu ta intanet.